Mararrabar da babur ya kaɗe ni

Yau da la'asar na bi ta mararrabar da babur ya kaɗe ni shekara biyu da suka wuce, sai da na yi nisa na lura gabana bai faɗi ba. Ni da na yi watanni ina zagaye hanyar nan! Ranar da abin ya faru da ƙafata na miƙe, har ina ce wa mai babur ɗin ba komai. Sai da muka isa asibiti zafi ya taso, ashe wuyan hannuna ya karye.

Jikinmu yana haɗa wasu sinadarai nasa masu aiki irin na sinadarin tabar wiwi. Ɗaya daga ciki shi ne anandamaid, wanda aka gano a 1992 a ɗakin binciken Raphael Mechoulam a Birnin Ƙudus. Idan firgici ya zo, suna cikin masu danne zafi na ɗan lokaci, kuma wuraren da suke kamawa, CB1, sun yi yawa a sassan ƙwaƙwalwa masu riƙe tsoro da tuna abubuwa. A 2002 masu bincike a Jamus sun koya wa ɓeraye tsoron wani sauti ta hanyar haɗa shi da jan lantarki. Da aka daina jan, ɓerayen da ke da CB1 suka saki jiki a hankali, waɗanda ba su da CB1 kuwa tsoron ya daɗe bai bar su ba. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Har yanzu ina tuna launin rigar mai babur ɗin da ƙarar birkinsa. Alhamdulillahi, tsoron ne kawai aka zare mini, kuma ban san ranar da ya tafi ba.