Kafin a kashe tsohuwar saba: kwashe bayanan ofis zuwa girgije daga Sakkwato

Abin da ke kashe saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis, a Sakkwato ba ɓoyayye ba ne. Bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, a ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, faifan ajiya ya yi ta gasuwa a cikin akwatinsa. Da hunturu kuma ƙura ta toshe fanka. Shi ya sa asibitoci masu zaman kansu da makarantu da kamfanoni ke son mayar da bayanansu ma'ajiyar intanet, wadda ake kira girgije ko kilawud. Shawarar ta yi. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen kwashewar.

A fara da lissafi kafin a taɓa komai. Masu sayar da intanet da megabit suke magana, fayil kuwa da megabait ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Sannan saurin da ake talla na saukewa ne, alhali ɗorawa ce aikinmu, ita kuwa yawanci ta fi jan ƙafa. A ce layin ofis yana ɗora megabit 10 a daƙiƙa ba yankewa. Terabait ɗaya, wato megabait miliyan ɗaya, zai ci kimanin awa 222, wato kwana 9 da ɗoriya, dare da rana. In da dare kawai za a yi, awa 10 kullum don kada ma'aikata su rasa intanet, ana maganar dare 22 ne. Wanda ya yi wa shugaban ofis alkawarin gamawa a ƙarshen mako bai zauna da biro ba.

Saboda haka a rage kaya tukuna. Kusan kowace tsohuwar saba cike take da kwafi a kan kwafi, da fayilolin girka manhaja, da bidiyon bikin wani ma'aikaci da ya bar aiki tun tuni. A ware abin da ake buɗewa kullum, da wanda doka ko binciken kuɗi ya sa ake ajiyewa, da shara.

Wajen kwafin, manhajar rclone kyauta ce kuma tana aiki da Amazon S3 da Google Drive da OneDrive da sauransu. Amfaninta a garinmu shi ne in layi ya yanke ko wuta ta tafi, aka sake tayar da ita, sai ta tsallake fayilolin da suka riga suka isa. Ana iya ɗaure mata sauri da rana a sake ta da yamma:

rclone copy --bwlimit "08:00,512k 18:00,off"

A lura, copy na rubuta, ba sync ba. Umarnin sync yana goge duk abin da ke can wanda babu shi a nan, don ɓangarorin biyu su yi daidai. In aka juya tushe da masauki bisa kuskure, folda marar komai da ke can za ta share fayilolin da ke kan saba. Duk mai son amfani da shi ya fara gwadawa da --dry-run, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba. Kwamfutar da ke ɗorawa kuma ta zauna a kan inbata ko UPS, ita da na'urar intanet ɗin, ba ita kaɗai ba.

Rumbun bayanai, irin na rajistar marasa lafiya ko sakamakon ɗalibai, ba a kwafe shi yana buɗe. Manhaja na rubutu a ciki kana kwafa, sai ka samu fayil mai cikakken girma wanda ba zai buɗu ba. A fitar da shi da mysqldump ko pg_dump, gwargwadon irinsa, sannan a ɗora abin da ya fito.

Akwai wata matsala tamu ta masu rubutu da Hausa: sunayen fayiloli masu ƙ da ɗ da ɓ. Tsofaffin manhajojin matse fayil sukan mayar da su alamar tambaya, OneDrive kuwa ba ya karɓar suna mai wannan alama. Haka ma folda cikin folda cikin folda: Windows kan tsaya a haruffa 260, sai fayil ya ƙi tafiya ba tare da kowa ya lura ba in ba a karanta rahoton kuskure ba.

Batun kuɗi, yawanci da dala manyan kamfanonin ke sa farashi, don haka kasafi na tafiya da farashin canji. Ɗorawa yawanci kyauta ce, saukewa ce ake biya. Ajin ajiya mai arha, kamar S3 Glacier Deep Archive, ya dace da tsofaffin takardu kawai, domin fitar da fayil na iya kai awa 12, kuma ko ka goge shi da wuri sai ka biya kuɗin kwana 180.

A kuma san inda bayanan za su kwana. AWS, sashen girgije na Amazon, na da cibiya a Kef Tawun tun 2020, Microsoft na da tata a Johannesbag tun 2019, duk a Afirka ta Kudu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, saboda haka asibiti ya duba wannan kafin ya zaɓi wuri. A kulle fayilolin da kalmar sirri kafin su bar ofis, amma a rubuta kalmar a ajiye wurin mutum biyu amintattu. In ta ɓata, kamfanin ma ba zai iya buɗe su ba.

Ganin an rubuta kashi 100 ba ya nufin an gama. A gudanar da rclone check, ya gwada fayilolin nan da na can ɗaya bayan ɗaya. Sannan a ɗauki wata kwamfuta daban, a sauke folda biyu ko uku da rumbun bayanan, a kira akawu ko mai rajista ya buɗe su da hannunsa ya nemo takardar bara. Tsohuwar saba kuma a hana rubutu a cikinta, a bar ta wata guda ana iya karantawa, a kuma ajiye kwafi ɗaya a faifan waje a wani gini daban, ba a durowar da ke kusa da ita ba.