Kakar Saran Itatuwan Kirsimeti a Jutland

A tsakiyar watan Nuwamba na hau jirgin ƙasa daga Hamburg ta Jamus zuwa Aarhus da ke yankin Jutland na ƙasar Danmak, daga nan kuma na shiga mota zuwa wata gona da ke kusa da Silkeborg. A kan hanya mun yi ta gamuwa da manyan motoci maƙare da itatuwan da ake ƙawata gida da su lokacin Kirsimeti, an naɗe kowanne cikin raga, suna gangarawa kudu zuwa Jamus, wadda ita ce babbar mai sayen wannan haja. Danmak na fitar da itatuwa kimanin miliyan 10 a shekara, mafi yawansu irin da ake kira Nordmann, wanda ake so saboda ganyensa ba ya saurin kaɗewa a cikin ɗumin ɗaki.

Mai gonar ya zagaya da ni cikin taɓo da yayyafi, yana nuna mini ƙyallaye masu launi da aka ɗaura wa itatuwan tun ƙarshen bazara, kowane launi na nuna tsawo da daraja. Irin da ake shukawa ba na ƙasarsu ba ne. Daga dazukan Racha na ƙasar Jojiya ake kawo shi, inda mutane ke hawa ƙololuwar manyan itatuwa su tsinko 'ya'yan da hannu, aiki mai haɗari da ladansa bai taka kara ya karya ba. Bayan an dasa, sai an yi shekara 8 zuwa 10 ana ɗawainiya kafin a sare. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan sandunan da ake ɗaure wa kan kowace bishiya domin tsuntsu ya sauka a kansu, don idan ya karya tohon tsakiya, bishiyar ta karkace ke nan, kuma ba mai biyan kuɗin kirki a kanta. Sanyin dare ɗaya a watan Mayu ma yakan ƙone sabon toho.

Masu saran, waɗanda akasarinsu 'yan ci-rani ne daga Polan da Romaniya, suna farawa tun gari bai waye ba, su tashi cikin duhu, domin rana gajeriya ce. Gaggawarsu ta tuna mini da ta masu ragunan layya, sai dai shi rago yana da kasuwa bayan Sallah, ita kuwa bishiyar da ta wuce 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti, ba a saya ba, sai injin niƙa. Da yamma na bar su suna lodin wata mota da za ta kwana a hanyar Berlin.