Na iya danna maɓalli, ban iya karanta zane ba

Ƙannena na Damagaram, duk wanda ya zo gaishe ni a Birni tambayarsa ɗaya: nawa ake biyan mai tsara aikin injin awo? Bari in faɗa muku inda na yi asarar shekara 3.

Injin nan da ake ce wa CMM yana da tsinke mai ɗan jan ƙwallo a baki. Yana taɓa ƙarfe nan da can, ya faɗi ko an ƙera shi daidai, har zuwa mikron, wato milimita guda a raba ta 1000. A wata masana'antar kayan mota a Tanja, ƙasar Maroko, na koye shi. Na haddace PC-DMIS, manhajar da ke sarrafa injin, kamar karatun allo, sai na ɗauka na sauke.

Ashe zanen injiniya ne karatun. Alamomin ISO 1101 da ke nuna daga ina awo zai fara, da iyakar kuskuren da aka yarda da shi, tsallake su nake yi. Wata rana na ce kaya akwati guda sun lalace, alhali da ɗuminsu na auna su. A digiri 20 ake awo, kuma ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan mikron 12 a kowane digiri. Ɗan Zinder da ya sha zafin watan Afrilu, a ce wani ne zai koya masa wannan! Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Kuskure na biyu shi ya taɓa aljihu. Na sa hannu a takarda a matsayin mai ɗora kaya kan inji, ina kuma rubuta tsarin awon da kaina. Albashin biyun ba ɗaya ba ne. Kawaici ya hana ni magana, masu masana'antar kuma ba su tuna mini ba. Wanda ya iya zane, ya iya tsayawa gaban injiniya ya kare awonsa, shi ke zama shugaban sashen duba inganci, ko dillalan Zeiss da Mitutoyo, kamfanonin da ke ƙera irin wannan injin, su ɗauke shi yana koyarwa.

Kada ku jira aikin a gida. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 mai take tacewa, ba sassan inji take ƙerawa ba. Aikin yana inda ake ƙera mota da jirgin sama, kuma Turancin Ingilishi zai yi muku rana, ƙari a kan Faransanci. Kafin tafiya, ku nemi mai injin gurzar ƙarfe a gari, ku zauna gabansa da ma'aunin hannu da zane, ko da wata 6 ne.