Dutsen da na ɗauka

Jiya da la'asar a bakin kasuwa aka kwarma ihun "ɓarawo!" Kafin ka ce kwabo an yi wa wani yaro zobe, bai wuce shekara 15 ba, wai ya zare wa wata mata waya. Mai gora, mai bel, har da mai cewa a nemo taya da fetur. Abin da ya hana ni barci shi ne ni ma na sunkuya na ɗauki dutse. Ni da na tsine wa waɗanda suka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo cikin Maris na 2025, har na rubuta cewa ba mutane ba ne.

Wani dattijo mai goro ne ya kutsa ya rungume yaron. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, a gabanka ya ɗauka?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To ajiye."

Wayar dai a aljihun yaron aka same ta, satar gaskiya ce. Wannan ma ya fi damuna, don har yanzu zuciya na raya min cewa da na jefa ban yi laifi ba. Dutsen kuwa a gefen kwata na bar shi.