Yadda aka yi min dashen koniya a idon dama

Mutane in sun ji an ce dashen ido sai su ɗauka ƙwayar idon ake ƙwaƙulewa a sa wata, ni ma wallahi haka na zata har sai da likita ya zana min a takarda. Ashe wannan 'yar fatar ce mai kamar gilashi da ke gaban baƙin ido, koniya suke ce mata, ita kaɗai ake canzawa. Tawa ta yi siriri ta turo gaba kamar mazurari, keratokonus sunan ciwon, fitila ɗaya sai in ga ta zama biyar, an canza min tabarau har na gaji, ga ni da murza ido kamar me, ashe ƙara lalata shi nake yi. Da likitan ya ga tsoro ya kama ni sai ya ce kwantar da hankalinka, tun 1905 ake wannan aikin.

Tiyatar ba ta kai awa 2 ba, allurar barci aka yi min, na farka da ɗinki 16 na wani zare da ya fi gashin kai siranta. Da aka cire bandeji na zaci zan ga komai tar, sai hazo-hazo kawai, ranar na yi kuka sosai. Likita ya ce gani a hankali yake dawowa, wani har shekara yake kaiwa.

Toh ga inda na yi ganganci. A wata na 7 ido ya washe, na fara karanta saƙo a waya, sai na fara wasa da maganin ɗigawa, yau in sa gobe in manta, da ya ƙare ma sai na ce sai na samu lokaci. Wata safiya na tashi ido ya yi ja, haske na sukata, gani ya koma dishi-dishi, ga zafi. Jikina ne ya fara ƙin dashen. Koniya ba ta da jijiyoyin jini shi ya sa jiki ya fi karɓarta a kan irin su ƙoda, amma fa duk da haka baƙuwa ce, ɗigon nan na sitiroyid shi ke hana garkuwar jiki afka mata. Allah ya taimake ni a ranar na koma asibiti, aka ɗora ni kan ɗigo duk bayan awa ɗaya, har alam nake sawa, ana kuma auna hawan jinin ido don maganin kan iya ɗaga shi. Sai bayan sati 3 hazon ya janye.

An gama cire zaren a wata na 14, yanzu da tabarau ina karatu lafiya lau. Ba a faɗa wa mutum sunan mamacin da aka ɗauko koniyarsa aka dasa masa, amma duk safiya in na zo sa ɗigon sai na yi masa addu'a, shi da iyalan da suka amince.