"Ho andato": kuskuren da na yi shekara tara ina maimaitawa

Ina wurin aiki a Brescia, a ƙasar Italiya, lokacin hutun cin abinci, sakamakon jarrabawar harshen Italiyanci ya shigo wayata. Sauraro na ci, karatu na ci, magana ma na ci, rubutu ne na faɗi. Ga shi irin jarrabawar da na zauna, in ka faɗi ɓangare ɗaya dukanta za ka sake. Kuɗin rajista ya tafi, takardun neman zama ɗan ƙasa da nake ta tarawa suka koma jaka. Tun watan Disamban 2018 dokar Italiya ta wajabta shaidar iya harshe ta matakin B1, ga mai neman zama ɗan ƙasa, ko da ya cika shekara 10 na zama a ƙasar da ake nema.

Abin ya ƙona mini rai, domin a masana'antarmu ni ne tafintan sababbin zuwa. Da kunne na koyi Italiyanci, a bakin inji da cikin bas, ban taɓa buɗe littafin nahawu ba. Na ɗauka tunda ana gane ni, shi ke nan.

Sai na yi rajista a ajin yamma na CPIA, makarantar manya ta gwamnati. Malamar ta ce in sake rubuta mata wasiƙar da na rubuta a jarrabawa, labarin hutun da na yi a gida. Ta ɗauki jan biro ta zagaye wuri goma sha ɗaya, kuma duk abu guda ne: ho andato, ho arrivato, ho rimasto. Ashe shuɗaɗɗen lokaci a Italiyanci mataimaka biyu gare shi. Yawancin aikatau suna tafiya da avere, wanda daga shi ho ya fito, kamar ho mangiato, na ci. Amma zuwa, isowa, fita, zama, haihuwa da mutuwa, waɗannan essere suke bi, wanda daga shi sono ya fito: sono andato (na je), sono arrivato (na iso), sono rimasto (na zauna), sono nato (an haife ni). Haka ma duk abin da mutum ya yi wa kansa, kamar mi sono alzato, na tashi. Ni kuwa ho nake liƙa wa kowanne, shekara tara cur.

Kada ma ka ce ka haddace "duk motsi essere ne". Camminare, tafiya a ƙasa, avere yake ɗauka, viaggiare ma haka. Nan ma na sha jan biro kafin ya zauna.

Da na koma gida na nuna wa 'yata takardar. Shekararta tara, a nan aka haife ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ai na daɗe ina ji." Na ce, "To me ya hana ki faɗa mini?" Ta yi shiru. Kunya ce, kuma ni na koya mata cewa yaro ba ya gyara wa babba magana. Abokan aikina Italiyawa su ma ba su taɓa gyara mini ba, su dai a gama aiki. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai: gyaran yana cikin ɗakina, a bakin yarinyar da muke cin abinci tare kullum.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Hausa ta ɗauke mini rabin nauyin. Essere yana sa ƙarshen aikatau ya bi jinsi: namiji andato, mace andata. Masu Turanci a ajinmu sun sha wuya a nan, ni kuwa tun ina goye nake bambanta "ya tafi" da "ta tafi". Sunan da ya ƙare da "a" galibi mace ne a harsunan biyu, kuma kowanne yana da masu saɓa ƙa'ida: mu muna da gida da ruwa da nama, su suna da il problema da il sistema. Baƙi mai ruɓi ma bai ba ni wahala ba. Wanda ya saba raba "kulle" da "kule" zai ji bambancin nonno, kaka, da nono, na tara. Jam'i ne kawai sabo, domin "sun tafi" ɗinmu bai damu da jinsi ba, su kuwa andati na maza ne, andate na mata.

In kana shirin B1, ka rubuta layi biyar kullum a kan abin da ka yi jiya, ka kai wa wanda zai zagaye maka kuskure ba tare da jin nauyinka ba. Baki yana haɗiye kuskure, takarda ba ta ɓoye shi. In kuma kana da yara 'yan makaranta, ka ba su izini da bakinka, don ba za su fara da kansu ba.

Na sake zama bayan wata shida, na ci. Har yau in na gaji, ho andato yakan kuɓuce mini. Sai in ji murya daga ɗaya gefen tabarma, a hankali: "Sono, Baba."