Yadda Na Bi Shekarar 1260 Wata Bayan Wata

Da aka ɗora mini nauyin gabatar da yaƙin Ainu Jalut, wanda aka gwabza tsakanin rundunar Masar da ta Mongol, a majalisin karatun tarihi da muke yi bayan sallar isha'i, sai na ga ba zan iya bayyana ranar yaƙin ba sai na bi shekarar gaba ɗayanta, wato 1260 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 658 bayan Hijira. Na samo takarda mai faɗi, na jera watanni a gefe, na ja layuka uku domin mulki da yaƙi da addini, sannan na shiga cike gurabe.

Farkon shekarar baƙin ciki ne zalla ga Musulmin Sham, domin rundunar Hulaku, jagoran mayaƙan Mongol, wadda ta rushe Bagadaza a 1258, ta ci Halab a Janairu, Dimashƙa kuma ta miƙa wuya a Maris. Abin da jerin watannin ya fito mini da shi fili shi ne cewa labarin rasuwar babban sarkin Mongol, Mongke, a 1259 yana cikin dalilan da suka sa Hulaku ya ja da baya da mafi yawan mayaƙansa, ya bar kwamandansa Kitbuka da runduna kaɗan. A can gabas kuwa 'yan'uwan Hulaku, wato Kublai da Arik Boke, suna ta rigimar gadon sarauta. Ashe rikicin da ake yi a iyakar Sin yana da hannu a makomar Masar.

Layukan nan uku ba su daɗe ba suka cakuɗe, kuma wannan ne babban abin da na koya. A wane layi zan saka fatawar Shehu Izzuddin bin Abdussalam, wanda ya gaya wa Ƙutuz, Sarkin Masar, cewa ba za a ɗora wa talakawa harajin yaƙi ba sai sarakunan yaƙi sun fara fitar da dukiyarsu? Haka nan Kiristoci ba baki ɗaya suka yi ba: masu mulkin Antakiya da Armeniya sun bi Mongol, amma Turawan da ke riƙe da birnin Akka a gaɓar tekun Falasɗinu sun bar rundunar Masar ta ratsa ƙasarsu. A ganina, duk wanda ya ba da labarin nan a matsayin karon addinai biyu kawai ya tauye shi.

Ranar 3 ga Satumba, wato 25 ga Ramadan, Ƙutuz da Baibars, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙinsa, suka karya rundunar Kitbuka a Ainu Jalut da ke Falasɗinu, shi kansa Kitbuka ya rasa ransa. Inda masu saurarona suka fi jin zafi shi ne gurbin Oktoba, domin a kan hanyar komawa Alƙahira Baibars da wasu sarakunan yaƙi suka kashe Ƙutuz, tun bai shiga birninsa da nasarar ba, Baibars ya hau gadon mulki.